Fetur ɗin da Ke Ƙonewa a Ƙafar Mota

Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a 2023, direbobi ke ɗora wa injin laifin shan mai, alhali sau da yawa ɓarnar tana ƙasa. Tayar da iskarta ta ragu takan lotsa a kowane juyi, robar ta ɗau zafi. Wannan zafin kuwa fetur ne ya tafi a banza. Haka birkin da ya maƙale: takalminsa na gugar ƙarfe ko direba bai taka ba.

Ya kamata malaman kimiyya su kai ɗalibai wurin mai faci, su auna iska kafin taya ta ɗumama. Bayan tafiya kuma su kusantar da hannu ga kowace ƙafa, ba tare da taɓawa ba. Wadda ta fi sauran zafi, bakanike ya duba birkinta.