Kimiyya a Gida: Ina Gishirin Ya Tafi?

Yau a bakin ruwan Yelwa za mu yi darasinmu.

Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwan kogi da damina ya san yadda yake zuwa jajawur. Idan muka ajiye shi a randa ya kwana, da safe sai mu tarar laka ta kwanta a ƙasa, saman ya yi garau. Lakar nan ba narkewa ta yi ba, yawo kawai take yi a cikin ruwan. Amma mu zuba gishiri a kofi mu motsa: ko kwana nawa zai yi ba zai kwanta ba, tsumma kuma ba zai tace shi ba. Wannan shi ne narkewa. Ruwan shi ne mai narkarwa, gishirin shi ne mai narkewa, su biyun a haɗe kuwa narkakken haɗi.

Me ya ba ruwa wannan ƙarfi? Kowace ƙwayar ruwa tana da gefe biyu masu cajin lantarki mabambanta, kamar kan batir da gindinsa. Da su take fizgar ƙwayoyin gishiri ɗaya bayan ɗaya, ta kewaye su har ido ya daina ganinsu. Man gyaɗa ba shi da inda ruwa zai kama, shi ya sa ba ya narkewa a cikinsa. Ruwan ma yana ƙoshi: mililita 100 ba ya ɗaukar fiye da kimanin giram 36 na gishiri, amma yana narkar da sukari wajen giram 200.

Kifayen tafkin Kainji, wanda ya taru bayan kammala madatsar a 1968, da iskar oksijin da ta narke a ruwa suke numfashi. Sai dai ruwa ba ya zaɓe. Takin zamani da maganin feshi na gonakin shinkafa da albasa a Yauri, Ngaski da Shanga, idan ruwan sama ya wanko su, wani ɓangarensu narkewa yake yi ya gangaro kogi. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da takin da ya riga ya narke. Saboda haka idan muka ga ana wanke tankin feshi a inda ake ɗibar ruwan sha, mu yi magana, cikin ladabi dai.

Wannan ilimi kuma yana ceton rai. Idan gudawa ta kama ƙaninmu, ruwa da gishirin jikinsa ne ke zubewa. A samu lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, a motsa har su narke, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kafin a isa asibiti. Kada a ƙara gishiri da zummar ya fi aiki, domin yawansa illa ne ga yaro. In akwai ƙullin ORS na kemis, ya fi.

Aikin gida: ku narkar da gishiri cokali ɗaya a ruwa kaɗan, ku zuba a faranti, ku shanya a rana har ya bushe. Ku rubuto mana abin da kuka tarar a farantin, tare da sunan makarantarku.