Babur Ɗin Talaka Da Dokar Kuɗin Goro

Ina da wata tsohuwar mota da nake lallaɓawa, ina kuma da babur ƙirar Bajaj Boxer. Idan mai karatu ya tambaye ni wanne ne a cikinsu ya fi rufa mini asiri, ba zan yi dogon tunani ba. Motar ta zama ta ranar biki da kai iyali asibiti, babur ɗin kuwa shi ne ke ɗauke ni daga Kamazou da sassafe, ya sada ni da ɗalibaina kafin ƙarfe 8. Wasu abokan aikina kan yi mini ba'a, wai ina Dakta guda ina fama da hular kwano. Nakan ce musu digirin bai zo da tankin mai ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai Naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama, alhali albashin malami bai ninka sau biyar ba, bai ma kama hanya ba.

Ba kukan tsadar mai ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, wannan kowa ya yi shi har murya ta dushe. Abin da ke damuna shi ne yadda hukumomin ƙasar nan suka kasa ganin mutumin da ya sayi babur da guminsa domin hawan kansa. Duk lokacin da aka zauna yin doka a kan babur, mutum biyu kaɗai ake gani: ɗan acaɓa da ɗan bindiga. Na ukun, wanda shi ne malamin firamare da ma'aikacin jinya da birkila da manomin Gbagyi mai kai doya bakin titi, ba ya cikin lissafi, sai dai doka ta faɗo masa a ka kamar aradu.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, bari in fara daga baki. Kalmar babur ita kanta ana saɓani a kan asalinta. Wasu na ganin kwaikwayon ƙarar injin ne kawai, wasu kuma na danganta ta da kalmar Larabci da ake kiran jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai aiki da tururi, wadda su ma Larabawan daga harsunan Turai suka aro ta. Ni na fi karkata ga na biyun, ko da yake ba zan yi rantsuwa a kai ba. Sai kuma mashin, wanda muka ara daga Ingilishi, da moto na 'yan'uwanmu na Nijar da suka ara daga Faransanci. Waɗannan duka sunayen abin hawan ne, babu yabo babu fallasa. Sana'ar haya da shi kuwa sunayenta daban: acaɓa a Kano da Zariya, kabu-kabu a Sakkwato da Maraɗi, goyin a bakin wasu mutanen Kaduna da Jos, sai okada da ya zo mana daga Kudu, wanda ya samo suna daga kamfanin jirgin saman Okada Air na Cif Gabriel Igbinedion. Wato Bahaushe ya bambance abin hawa da sana'a tun da wuri. Amma a duba jaridun Turanci da sanarwar gwamnatoci, za a ga kalmar okada ta haɗiye komai, har ta kai ana cewa an hana okada ko da na hawan kai ne. Wanda ya rasa suna a bakin masu yin doka, da wuya ya sami gurbi a cikin dokar.

Tarihin hana babur a garuruwanmu ba ɓoyayye ba ne. A 2006 aka kori 'yan acaɓa daga tsakiyar Abuja lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista. A Janairun 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a birnin Kano da kewaye. A 2014 Gwamna Mukhtar Ramalan Yero ya sa hannu a dokar hana acaɓa a birnin Kaduna da Zariya da Kafanchan da wasu wurare. Duk waɗannan, ko da sun taɓa mai hawan kansa, sun bar masa ƙofa. Ƙofar ta rufe ne a ƙarshen Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da haramta hawan babur gaba ɗaya, na haya da na gida, na tsawon wata 3 a matakin farko, tare da katse layukan waya a wasu yankuna da taƙaita lokacin zirga-zirgar Keke Napep.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ta yi hakan ne don mugunta. Mu mutanen Ƙaramar Hukumar Chikun ba sai an ba mu labarin 'yan bindiga ba. A shekarar nan ta 2021 aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia, aka kuma sace ɗaliban Jami'ar Greenfield, aka kashe wasu daga cikinsu. Kowa ya san da babur ɓarayin dajin ke zuwa, da shi suke komawa, har sukan nemi a haɗa musu da sababbin babura cikin kuɗin fansa. Wanda ke riƙe da amanar rayukan jama'a a irin wannan yanayi dole ya yi wani abu. Tambayata ita ce: wa dokar ta kama? Ɓarawon da ke cikin daji ba ya sauraron sanarwar kwamishina, ba ya kuma bi ta shatale-talen Station inda jami'ai ke tsaye. Wanda ya ajiye babur ɗinsa a zaure ya lulluɓe shi da buhu, mu ne. Na ga maƙwabcina, ma'aikacin wani ƙaramin asibiti, yana taka sayyada tun asuba daga ƙarshen unguwa zuwa bakin titi, domin Keke Napep ba ya shiga layinmu idan ƙasa ta jiƙe. Na ga mata da cikin wata tara ana neman abin da za a fitar da su da dare. An jefi kura, jifar ta sauka a kan akuya.

Mai zama a Unguwar Rimi ko Malali ba zai fahimci wannan da sauƙi ba, domin ƙofar gidansa kwalta ce. Kamazou da Janruwa da Mahuta da makamantansu unguwanni ne da gini ya riga hanya zuwa. Titin Yakowa ya buɗe wannan ɓangare na kudancin kogi, jama'a suka kwararo suka sayi filaye, amma da zarar ka sauka daga babban titin sai jar ƙasa da zaizaya da gargada. Da damina akwai layukan da ko motar da ta fi ƙarfin tawa ba ta shiga. A irin wannan wuri babur shi ne motar asibiti, shi ne motar makaranta, shi ne jakin kai niƙa. Kuma mu tuna inda da yawa daga masu hawansa suka fito. Masaƙun Kakuri sun ci da dubban gidaje, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, kuma Honda Benly ɗin da yake wankewa kowace Asabar har ya yi ƙyalli shi ne alamar cewa mutum ya kama ƙasa a wancan zamani. Abokansa da rufe masaƙa ya rutsa da su da sauran ƙarfinsu, da yawa babur ɗin alfaharin ne ya koma musu abin neman abinci.

To amma ba zan yi wa kaina adalci ba idan na tsaya a laifin hukuma. Mu masu babur mun ba da ƙofa, mun kuma ba da ita a buɗe. Mutum zai sayi sabon babur, abu na farko da zai yi shi ne ya kwance madubai biyun ya jefa a ɗaki, wai suna ɓata masa tsari ko suna hana shi kutsawa cikin cunkoso. Ledar da kamfani ya naɗe kujera da ita kuwa zai bar ta shekara guda don a san sabo ne. Zai kashe kuɗi a kan fitilu masu walƙiya kala-kala da hon irin na tirela da tuntaye da ke lilo a hannu, wani ma ya fasa salansa don unguwa ta san ya dawo, amma fitilar birki ta mutu tun bara bai sauya ƙwan ba. Ba na ƙin ado. Ni ma akwai shimfiɗar fata da wani baduku ya ɗinka mini a kan kujera, akwai akwatin da aka ƙera mini a Panteka na ɗaura a kariya don littattafai, ina kuma jin daɗin karanta karin maganar da samari ke rubutawa a robar tare taɓo, har na tara wasu a littafina. Sai dai adon da ya kori madubi ya bar tuntu, sakarci ne.

Kula da injin ma haka. Babur ɗin yanzu mai bugu huɗu ba ya son komai kamar baƙin mai mai kyau a kan lokaci. Ni duk bayan kimanin kilomita 1,000 nake yin juye, ba na kuma sayen man da aka ɗura a gorar ruwa a bakin titi, domin na taɓa yi sau ɗaya, ladan da na samu shi ne sauke inji da sayen ringi da fistin. Da hunturu, ƙurar Kamazou kan toshe matatar iska cikin 'yan makonni, babur ya riƙa shaƙewa yana shan mai kamar raƙumi, mai shi kuma ya yi ta zagin kafireta. Sarƙa tana son a wanke ta, a sa mata mai, a bar mata ɗan sassauci kamar faɗin yatsa biyu. Idan ta yi tauri ta ci haƙoran da take bi, idan ta saki ta zame a tsakiyar titi. Taya da ta suɗe har zare ya fito ba ta mai faci ba ce kuma. Duk wannan bai kai kuɗin katin wayar da muke ƙonawa a wata ba, bakanikena ma cewa yake yi yawancin baburan da ake turo masa ba lalacewa suka yi ba, wulaƙanci ne ya kwantar da su.

Sai babbar magana, wato hular kwano. A ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta. Abin da ya biyo baya ya sa duniya ta yi mana dariya: mutane suka kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka, wasu suka yaɗa cewa matsafa na sa asiri a cikin hular don su sace fasinja. Ba a jima ba dokar ta bi ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, ta kuma ce hula mai inganci da aka ɗaure daidai na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100. Ƙasar Biyetnam, inda babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba, ta tilasta hular a Disamban 2007, ta kuma zauna. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaɓa na yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja, da riga mai lamba.  Uzurin zafi da muke kawowa, wanda ya taɓa shiga ɗakin masu karaya a kowane babban asibiti ya san bai kai ya kawo ba.

Abin da nake kira gare shi ciniki ne tsakaninmu da hukuma. Mu mu yi wa baburanmu rajista da lamba da sunanmu na gaskiya, mu mallaki lasin tuƙi, mu mayar da madubi, mu sa hula, mu daina ɗora mata da 'ya'ya huɗu a kan abin da aka ƙera don mutum biyu. Ita kuma gwamnati ta sauƙaƙa rajistar, ta kawo ta kusa, a Sabon Tasha ko ma a cikin unguwanni, a kan kuɗin da lebura zai iya biya ba tare da ɗan tsakiya ba. Ta sa ido a kan dillalan da ke sayar da babura goma-goma ga wanda ba a san shi ba, domin ta nan kayan ke isa daji. Sannan Majalisar Dokokin Jiha ta rubuta a fili cewa duk wani matakin gaggawa da za a ɗauka nan gaba zai bambance babur mai rajista na hawan kai da wanda ba shi da uba, kuma zai zo da ranar ƙarewa. Masu unguwanni da shugabannin masallatai da coci-coci sun san wa ke da babur a layinsu, a yi aiki da su.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takardar doka, wanda ni dai shi ne ya sa ko mai ya yi araha ba zan sayar da nawa ba. Ranar Asabar da yamma bayan an ɗauke ruwa, nakan bi Titin Yakowa a hankali, giya ta huɗu, totur kaɗan, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta ƙarƙashin hula. Nakan tsaya wajen mai gasa masara mu gaisa da Hausa, in ji matan da ke gefe suna ciniki da Gbagyi, yaran suna amsa musu da Turancin buroka. Rabin misalan da nake ba ɗalibaina a darasin cuɗanyar harsuna a kan kujerar nan na tsinto su. A 2021 na yi watanni ina kallon babur ɗin a zaure, batir ya mutu, tayoyi sun sace, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa.