Sharhi: Wa'adin doka ya cika, har yanzu makaho bai rabu da ɗan jagora ba

A watan Janairun 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, da hanyoyin ƙafa, da motocin haya, ta yadda kowa zai iya amfani da su. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024, amma a yawancin biranen ƙasar nan da wuya makaho ya tashi daga gida zuwa asibiti ko kasuwa shi kaɗai.

Lamarin ya shafi jama'a da yawa. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama ba sa gani, kuma yanar ido ce kan gaba wajen haddasa hakan.

Farar sanda, wadda duniya ke bikin ranarta kowace 15 ga Oktoba, tana amfani ne idan hanya na da gefen da mai sandar zai laluba ya bi. A Kano, Kaduna, har ma da wasu sassan Abuja, gefen titi ya zama wurin kasa kaya da ajiye motoci, magudanun ruwa kuma a buɗe. Tsallaka titi sai da sa'a, tunda fitilun ba da hannu ba sa yin ƙarar da za ta sanar da makaho lokacin wucewa.

Masu raunin gani su ma suna cikin wahala. Wanda hawan jinin ido ya cinye masa ganin gefe ba ya hango babur sai ya zo gabansa, kuma da yake bai riƙe sanda ba, ba mai ɗaga masa ƙafa.

A ƙarshe iyali ne ke biyan farashin. Ɗan jagora galibi yaro ne da ya kamata a ce yana aji, makahon kuma yakan haƙura da aiki ko karatun da ke buƙatar fita kullum.

Hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita ce ke da alhakin bibiyar aiwatar da dokar. Sai dai mafi yawan tituna da tashoshin mota suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne. Rufe magudanai, kwashe kaya daga hanyar ƙafa, da faɗaɗa koyar da tafiya da sanda a makarantun makafi irin ta Gindiri a Jihar Filato ba su fi ƙarfin kasafin kowace jiha ba. Muddin ba a sa su cikin kwangilar gina tituna da kasafin ilimi ba, dokar za ta ci gaba da zama a takarda.