Jirgi Na Tafe, A Duba Gine-ginen Daura

Jama'ar ƙasar Daura, yau muna so mu ja hankalinku bisa wani al'amari wanda ido ba ya ganinsa, amma bango yana jinsa. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka shata ta bi ta Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya. Tun kafin nan kuwa manyan motoci suna ratsa ƙasarmu dare da rana, daga Kano zuwa Kwangwalam. Wannan duk arziki ne. Amma kowane arziki da nasa sharaɗi, sharaɗin wannan kuwa shi ne mu san abin da girgiza ke yi wa gini.

Maginanmu na gargajiya sun san nauyin da ke zaune sarai. Wanda ya iya jera azara, ya tayar da bakan gizo, ya san iyakar ƙasar da soro zai ɗauka. To, amma nauyi iri biyu ne, akwai na zaune, akwai mai motsi. In an sa taɓarya cikin turmi a hankali, gero ba zai fashe ba, in kuwa an ɗaga ta an saki, sai ga tsaki. Nauyin taɓarya bai ƙaru ba, motsi ne ya ba ta ƙarfi. Haka ƙafar tirela take idan ta faɗa rami, bugun da ƙasa ke sha ya ɗara na motar da ke tsaye, kuma ƙasa ba ta riƙe shi, sai ta miƙa wa harsashin gidan da ke kusa.

Abu na biyu shi ne, kowane gini yana da nasa saurin kaɗawa. Dogo siriri, kamar tankin ruwa bisa dogayen ƙarafa, a hankali yake rangaji. Gajere mai tsauri da sauri yake rawa. Mai kalangu ya san wannan: in ya matse tsarkiya fata ta yi tsauri, sai murya ta hau. Tsauri yana ƙara saurin kaɗawa, nauyi yana rage shi. Injiniyoyi suna auna wannan, su ce gini kaza yana kaɗawa sau kaza cikin daƙiƙa.

Haɗari yana zuwa ne sa'ad da bugun da ke fitowa daga waje ya yi daidai da saurin kaɗawar ginin. Ku dubi yaro bisa lilo. Turi kaɗan kaɗan, in yana zuwa a kan kari, sai ya kai shi sama, alhali kuwa mai turin ba wani ƙaƙƙarfa ba ne. A Ingila, cikin 1831, wata ƙungiyar soja ta hau gadar Broughton kusa da Manchester suna taku ɗaya, gada ta ɗauki rawa har ƙarfenta ya tsinke, ta zube da su cikin kogi. Daga nan aka ba soja oda su warware taku in za su ƙetare gada. A Amurka, ran 7 ga Nuwamba 1940, iska ta yi ta murɗa gadar Tacoma har ta karye, watanni huɗu kacal bayan buɗe ta. A Landan ma, gadar ƙafa da aka buɗe bisa kogin Thames a 2000 ta yi ta lilo da masu tafiya, aka rufe ta bayan kwana biyu, ba a sake buɗewa ba sai 2002, bayan an sa mata na'urorin shanye girgiza. Dabarar nan ba baƙuwa ba ce gare mu. Yarinyar da ke sa ganye cikin bokitin ruwa don kada ya yi tangaɗi, aikin da take yi ke nan.

Ba mu faɗi haka don mu tsorata kowa ba. Gini mai lafiya, wanda ke nesa da hanya, wucewar jirgi ba ta kayar da shi. Abin tsoro shi ne bangon da ya riga ya tsage, da bene da aka ɗora bisa harsashin da ba a yi dominsa ba, da injin niƙa ko janareta da aka girke jikin katanga. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, rairayi sako-sako in ya sha girgiza yakan zauna, harsashi ya bi shi. Waya ma in ana lanƙwasa ta ana miƙewa, ƙarshenta tsinkewa. Masu iya magana sun ce yau da gobe ke sa allura ta haƙa rijiya.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na fari, ƙananan hukumomin masarautar su hana gini dab da layin dogo da bakin babbar hanya, kada a bari sai an gina a zo ana rigimar rushewa. Na biyu, Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda aka aza harsashinta a Disamba 2019, ta fito da malamanta da ɗalibanta su auna girgiza a unguwannin da hanyoyin suka shafa, da kewayen fadar Sarki da rijiyar Kusugu, su ajiye lissafin, domin gobe a sami abin gwadawa. Na uku, kai maigida, ka dubi bangonka. In ka ga tsaga, ka yi mata alama da kwanan wata. In tana buɗewa, nemi masani kafin damina. Injinka kuma ka yi masa nasa dakalin dabam, ka sa roba ƙarƙashinsa.

Daura tsohon gari ne, ta daɗe tsaye. Hakkinmu ne jirgi ya same ta tsaye, ya kuma bar ta tsaye. Rigakafi ya fi magani.