Ku Bar Mana Gwanayenmu

Akwai wata ɓarna da ake yi a ma'aikatunmu ana kiranta ƙarin girma, har a yanka rago a kira 'yan uwa. Yaro ya shekara bakwai ko takwas yana koyon aikinsa. Ya san inda kowace waya ta bi a cikin gini, ya san kukan kowace na'ura, in rezo ya ɗauke da tsakar dare shi ake tasowa daga barci. Ranar da aka tabbatar babu kamarsa, sai a kira shi a ce an ga ƙoƙarinsa, daga yau shi ne shugaban sashe. A ba shi biro da hatimi da tulin takardu, a raba hannunsa da abin da ya iya. Bayan shekara biyu in aka waiwaya, gwanin ya tafi, shugaban kirki kuma bai samu ba. An yi biyu babu, kuma sai da aka ƙara albashi kafin a yi ta.

Ni aikina magana ce a rediyo. Muryata ba ta wuce bangon ɗakin shiri in ba don mutumin da ke zaune bayan gilashi yana murɗe-murɗe ba, da wanda ke kula da injin watsa shiri can gindin eriya. Saboda haka in ana zancen matashin da ke aikin kwamfuta ko sadarwa, ya kai mararraba, ko ya zurfafa cikin fasaharsa ko ya koma jagorancin mutane, ina da bakin magana. Abin da nake gani shi ne, a wajenmu ba a ma bar masa zaɓin ba. Mun riga mun yanke masa hukunci tun daga gida.

Ku saurari yadda ake tambayar irin wannan yaro in ya je sallah. Gwaggo za ta dube shi ta ce, "Ɗana, har yanzu kai ne mai hawa ƙarfen nan? Sa'anka ai an ba shi mota da direba." In ya je neman aure, ba a tambayar me ya iya, ana tambayar mutum nawa ne ƙarƙashinsa. Mu ma 'yan jarida da namu laifin a matsayin sana'a: in intanet ya katse, darekta muke gayyata ya zo ya yi wa jama'a bayani, shi kuma ya zo da takardar da wani yaro ya rubuta masa. Yaron nan ko sunansa ba a ambata.

To amma shugabanci sana'a ce daban, kamar yadda ƙira daban take da dillanci. Mai rubuta manhaja yana buƙatar awa uku ko huɗu babu mai taɓa shi, ya riƙe matsala ɗaya a kansa har ya warware ta. Shugaban sashe kuwa yininsa gutsi-gutsi ne: taro da safe, sulhu tsakanin ma'aikata biyu da ba sa ga-maciji, lissafin kasafin kuɗi, tantance masu neman aiki, gaya wa wani cewa bana babu ƙari. Na'ura in ka gyara ta nan take za ta nuna maka. Mutum in ka gyara shi sai bayan wata shida ka gani, ko ma kada ka gani. Wanda ya iya na farko babu abin da ya ce dole ya iya na biyu. Wani malamin ƙasar Kanada, Laurence Peter, ya yi littafi kan wannan tun 1969, inda ya nuna cewa in ana ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake yi, za a yi ta ɗaga shi har ya kai matsayin da bai iya ba, nan kuma zai zauna har ritaya. Cikin raha ya rubuta shi, amma duk wanda ya taɓa bin layin sa hannu a wata ma'aikata ya san ba wasa ba ne.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce ta albashi da muƙami. A daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon Challenger, sun gaya wa hukumar NASA ta Amurka kada a harba kumbon washegari. Dalilinsu a fili yake. Akwai wasu zobba na roba da ke toshe mahaɗar rokar don kada wuta ta fita, kuma roba in ta ji sanyi tana sandarewa. Ba a taɓa harbawa a sanyin da ya gaza digiri 12 ba, ga shi ana hasashen safiyar za ta yi kusa da daskarar ruwa. Ɗaya daga cikinsu, Roger Boisjoly, ya riga ya rubuta gargaɗi tun watanni shida kafin nan. NASA ba ta ji daɗin shawarar ba. Sai manyan kamfanin suka keɓe su huɗu. A cikinsu akwai Bob Lund, injiniya ne da aka ɗaga ya zama shugaban sashen injiniyoyi, kuma da farko yana bayan yaransa. Babbansu ya ce masa ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Ya canza hula, aka sa hannu. Daƙiƙa 73 bayan tashi kumbon ya tarwatse, mutum bakwai suka mutu, har da wata malamar makaranta.

Ku lura, ilimi bai yi ƙaranci a ɗakin nan ba. Wanda ya san gaskiya yana nan, amma ba shi da ƙuri'a. Wanda ke da ƙuri'a shi ma ya san gaskiyar, amma kujerar da aka ba shi ta nemi ya ajiye ta. Duk ma'aikatar da ta tsara cewa maganar gwani ba ta da nauyi sai ya bar gwanintarsa, irin wannan ɗakin take ginawa, ko da abin da zai fashe mata rumbun bayanan banki ne ba kumbo ba.

Na san abin da za a ce: to a kori shugabanni ke nan? A'a. An ma gwada. A farkon shekarun 2000 kamfanin Google ya soke muƙaman manajojin injiniyoyi, yana ganin ɓata lokaci ne. Watanni kaɗan aka yi aka dawo da su, don kowa ya koma kai ƙararsa da ƙananan buƙatunsa wurin masu kamfanin. Shugaba nagari ni'ima ne, shi ke tare wa ma'aikata iska daga sama su samu su yi aiki. Faɗana da masu mayar da kujera tukwici ne, abin da ake miƙa wa mutum don an rasa wata hanyar ce masa an gode.

Hanyar kuwa akwai ta. Manyan kamfanonin fasaha sun daɗe da kafa tsani biyu, ɗaya na masu jagorancin mutane, ɗaya na masu zurfafa cikin aiki, kowane mataki na wannan yana da takwaransa a wancan wajen albashi da daraja. Tun farkon shekarun 1960 IBM ke da wani babban matsayi da take ba gwanayenta ba tare da ta ɗora musu sashe ba. A Google, Sanjay Ghemawat, wanda shi da Jeff Dean suka gina wasu daga cikin tsare-tsaren da kamfanin ya tsayu a kansu, ya kai ƙololuwar tsanin injiniyoyi yana rubuta manhaja da hannunsa. Steve Wozniak, wanda ya ƙera kwamfutocin Apple na farko, bai yarda ya bar aikinsa na Hewlett-Packard ba sai da aka tabbatar masa zai ci gaba da zama injiniya, ba za a mai da shi manaja ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, sai a ce wannan tsarin Turawa ne, ba zai yi a nan ba. Mu da muke da Babban Gwani? Maginin da ya ɗaga Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ba a saka masa da hakimci ba, an ba shi sarautar da ta fito daga sana'arsa, ya ci gaba da gini. Nan gida Nijar, Falke Barmu ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ya yi ta ƙara masa da ƙasa da itace shekara da shekaru, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ba darekta ba ne, magini ne, kuma sunansa duniya ta riƙe. Tsangaya ma tana da tsaninta, daga kolo har gardi, har alaramma, har gwani, kowane mataki da karatu ake hawa shi. Mu ne muka watsar da wannan muka rungumi tsarin biro da muka gada daga mulkin mallaka, inda mai sa hannu ya fi mai aikin hannu, muka kwashe shi ɗungurungum muka kai cikin kamfanonin waya da bankuna.

A watan Maris na 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa. Ghana, Laberiya, Benin, Najeriya da sauran maƙwabta suka shiga wahala, bankuna suka tsaya, gyara ya ɗauki makonni. A irin wannan rana ba taro ke dawo da rezo ba. Sai wanda ya san yadda ake karkata zirga-zirgar bayanai ta wata hanya, kuma irin wannan sani ba ya samuwa a shekara uku. Yana son mutum ya shekara goma sha biyar yana abu ɗaya. Mu da ba mu da gaɓar teku, intanet ɗinmu sai ya ratso ƙasar wani, mu muka fi kowa buƙatar irin waɗannan mutane. Amma ta yaya za a same su in duk wanda ya kai shekara takwas an ɗauke shi an zaunar? Shi ya sa in babbar matsala ta taso sai a ɗauko ƙwararre daga waje, a biya shi kuɗin jirgi da otal, ya zo ya yi aikin da shugaban sashe ya taɓa iyawa.

Kai kuma ƙanena da aka miƙo wa takarda, kada ka sa hannu a ranar. Na san akwai kuɗin haya da kuɗin makarantar ƙanne, kuma wanda ya karɓa don waɗannan ban ga laifinsa ba. Amma ka fara neman a ba ka jagorancin aiki guda na wata uku, da mutum uku ko huɗu, ka ji yadda zuciyarka take. In ka ga daɗinka yana zuwa ne lokacin da yaron da ka koya wa ya warware abin da kansa, to ka je, muna buƙatar irinka a kujera. In kuwa kana zaune a taro hankalinka na kan matsalar da ka baro a na'ura, ka faɗa musu gaskiya, ka nemi ƙarin a inda kake. In ka karɓa ka ga ba ta yi ba, ka sauko da wuri, tun hannunka bai manta ba, don fasahar nan ba ta jiran kowa.

Ku kuma masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu, ku buɗe takardar albashinku yau ku duba. In babu injiniya ko ɗaya da ke ɗaukar abin da shugaban sashensa ke ɗauka, kun san dalilin da ya sa mafi iya aikin cikin yaranku yake cike takardar neman biza, ko yake yi wa wani kamfanin Faransa aiki ta intanet daga ɗakinsa a Yamai bayan ya tashi daga naku.