Marka da Yaran Ƙauye

A ƙasar Ɗambatta da Bichi, arewa da birnin Kano, gonaki sun haɗe da juna. Idan marka ta kankama cikin watan Agusta, gero ya yi kore shar, manomi yana murna. Amma a lokacin nan ne ƙananan yara suka fi shan wuya. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana bai nuna ba. Ruwa ya kwanta a kududdufai, sauro ya yawaita, shi ne kuwa ke kawo zazzaɓi.

A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi kowane wata cikin damina. Dabara ce mai kyau. Sai dai kwana uku ake shansa a jere; wanda ya sha na rana ɗaya ya bari, bai sami cikakkiyar kariya ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malaman asibiti. Sau da yawa jikin yaro yakan yi zafi da hantsi, maigida yana gona, uwa kuwa ba ta fita sai da izininsa. Kafin ya komo da la'asar, ciwo ya yi nisa. Lalle ya kamata kowane maigida ya ba da izini tun farkon damina, ya kuma ajiye kuɗin mota a hannun uwa, domin ta kai yaro asibiti ba tare da jira ba.