Tiyatar Ƙabar Cibiya ga Mai Ciwon Hanta: Fa'idodi da Illoli

Wanda ciwon hanta ya yi nisa a jikinsa ba ya ɓoyuwa: hannuwa sun tsotse, kafaɗu sun zama ƙashi, ciki kuwa ya cika da ruwa kamar tulu. Hantar da ta taurare ba ta iya ajiye sukarin da jiki zai ci cikin dare, sai jikin ya koma cin tsokarsa. Bangon ciki ya yi laushi, ruwa na tunkuɗo shi, cibiya ta bullo. Kusan ɗaya cikin biyar na masu ruwan ciki suna samun wannan ƙaba, kuma a ƙasar Hausa ƙwayar Hepatitis B ce kan gaba wajen jawo ciwon hantar.

To, a yi tiyata ko a bari?

Likitoci sun daɗe suna ja da baya, kuma da hujjarsu. Jinin irin wannan majiyyaci ba ya saurin daskarewa. Ɗinki yakan ƙi kamawa, ruwa ya riƙa tsatsafowa ta wurin yankan, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Maganin sa barci kansa yana iya ƙarasa hantar da ke tangal-tangal, ko ya taɓa ƙoda. In kuma ba a shawo kan ruwan ba, galibi ƙabar dawowa take.

Sai dai jira ma ba kyauta ba ne. Hanji yakan maƙale a ramin, jini ya daina kai masa, ya ruɓe. Fatar cibiyar takan yi siriri, ta yi ƙyalli, ta yi gyambo, wata rana ta fashe ruwa ya ɓalle. Likita Frank Flood ya bayyana wannan fashewar tun 1961. Tiyatar gaggawa a irin wannan hali ta fi kisa nesa ba kusa ba.

A ganina, tiyatar da aka shirya wa ta fi, muddin hantar na da sauran ƙarfi. Shirin shi ne aikin: rage gishiri, dunƙulen miya da kanwa, shan magungunan fitar da ruwa irin su spironolactone bisa umarnin likita, sannan ciyarwa. A nan dangi kan yi kuskure, su hana mara lafiya nama da ƙwai, su bar shi da koko zalla. Ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki kullum. Wake, awara, nono da kifi duk suna yi, a kuma ɗan ci wani abu kafin kwanciya.

Cibiyar da ta yi tauri, take ciwo, ta ƙi komawa, ga amai, a nufi asibiti nan take.